Kada ku ƙone data wajen kallon harba roka

'Yan uwa masu bin harba roka kai tsaye, ga dabara: kada ku buɗe bidiyon tun farko. Ku shiga saura minti 3 a tashi.

Duk abin da ido ke nema a tashin rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX na Amurka yana cikin minti 10 na farko. Wajen minti biyu da rabi gindin rokar ke rabuwa da samanta. Ya juyo, ya kunna inji ya rage gudu, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya dira a tsaye wajen minti na 8 zuwa 9, ko a ƙasa ko kan jirgin ruwa a teku. Tun Disamba 2015 suke wannan, amma har yau sai tsigar jikina ta tashi.

Lokaci kuwa, ku duba na UTC, wato agogon duniya na GMT, ku ƙara awa ɗaya, shi ne agogonmu na Katsina. Ku rabu da agogon Florida, jihar Amurka da aka fi harba ta, sau biyu suke canja shi a shekara. Ni ya taɓa sa ni zaman banza a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, shayi har ya huce.

Ku sa bidiyon a 360p, wato ƙaramin inganci mai cin data kaɗan, ku ɗaga ingancin daidai lokacin dirar.

Inda dabarar ke ƙi: iska ko hadari kan sa a ɗage tashin, wani lokaci saura daƙiƙu. Wasu tafiye-tafiyen kuma ba a dawo da gindin sam, ku duba tukuna. Tashar da ta ce ku turo kirifto, wato kuɗin intanet, a ninka muku, ta 'yan damfara ce, ku fita.