Yadda zaka taimaki kolestarol mai kyau yayi aikinsa a jijiyoyin jini

In an baka sakamakon gwajin kitsen jini, fara duba inda aka rubuta HDL, shine ake cewa kolestarol mai kyau. In bai kai 40 mg/dL ba ga namiji, ko 50 ga mace, to yayi ƙasa. Amma don Allah kar ka tsaya kan lambar kawai.

Ka gane abinda ke faruwa tukunna. LDL, wato wanda ake cewa kolestarol mara kyau, in yayi yawa yana kutsawa cikin bangon jijiya ya lalace a can, sai garkuwar jiki ta turo ƙwayoyinta da ake kira makrofej su haɗiye shi, suyi ta ci suyi ta ci har su cika da kitse su mutu a wurin, kumburi ya tashi, wasu su sake zuwa, haka toshewar ke girma shekara da shekaru mutum bai ma sani ba. Shi kuma HDL zuwa yake ya kwashe kolestarol ɗin daga cikin ƙwayoyin nan ya kai hanta, kuma yana rage yadda bangon jijiya ke kama fararen ƙwayoyin jini yana jawo su ciki. Wato yana sanyaya rigimar kenan.

Matsalar itace shima yana lalacewa. Sigari da ciwon suga da aka yi sake dashi suna raunana shi, lamba tana iya zama daidai a takarda amma aikin ya ragu. Don haka in kana shan sigari ka fara da dainawa, gaskiya wannan yafi komai. Ka riƙa duba suganka. Ka motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya tace aƙalla minti 150 a sati, tafiya da sauri ma ta isa. In akwai tumbi a rage shi.

Maganin ɗaga HDL kuwa, kar ka ɓata kuɗinka. Kamfanin Pfizer ya gwada wani mai suna torcetrapib, ya ɗaga HDL sosai, amma a 2006 aka dakatar da gwajin saboda mace-mace sun fi yawa cikin masu shansa.

In ka je wurin likita ka tambaye shi LDL ɗinka nawa ne kuma nawa ya kamata ya koma. In ya rubuta maka statin, wato maganin rage LDL, ka sha yadda yace, kar ka ajiye don kaga HDL ya hau. Zaka iya tambayarsa ko kana buƙatar gwajin hs-CRP, shi ke nuna kumburin dake cikin jiki.