Ciwon mara mai daɗewa, fargaba da raunin gaba: inda maza suka fi yin kuskure

A unguwannin zango na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, akwai maza da ke fama da wani ciwo wanda ba su iya faɗinsa a majalisa. Nauyi ne ko zogi a mara, ko a tsakanin maraina da dubura, wani lokaci kuma zafi a kan mazakuta bayan fitsari ko bayan fitar maniyyi. Yakan lafa har mutum ya ɗauka ya rabu da shi, sai ya dawo. Idan ya kai wata 3 cikin wata 6 ana fama da shi, kuma gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba, likitoci na sa shi cikin rukunin ciwon ƙugu mai daɗewa. A shekarar 1995 cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kasa ciwon firostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsara, gida 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ƙorafi suna faɗawa gida na uku ne, wanda ba a samun ƙwayar cuta a cikinsa.

Daga nan kuskure mafi yawa yake farawa. Da mutum ya ji zafi a wajen, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa sanyi ne ya kama shi, ya nufi shagon magani ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan bai ji sauƙi ba ya canza wani, har a wayi gari ya sha kala huɗu ko biyar cikin shekara guda. Gyaran shi ne a fara da gwaji: a duba fitsari, a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, a kuma yi gwajin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Idan likita ya ga dacewar gwada maganin, yakan bayar da shi sau ɗaya na mako 4 zuwa 6, kuma idan hakan bai yi aiki ba, maimaitawa ba ta da amfani. Tana da illa ma, domin irin su ciprofloxacin na iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, ban da sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Takardar gwajin da ta nuna ƙwayar cutar da ake kira "staf" ita ma ba hujja ba ce kullum, domin wannan ƙwaya tana zaune a fatar mutane masu lafiya, kuma tana iya faɗawa cikin fitsarin tun wajen ɗiba. Wanda ya taɓa zama ko yin wanka a yankin tafkin Volta ya kamata ya faɗa wa likita, saboda tsargiya tana taɓa mafitsara da hanyar maniyyi, kuma maganinta daban ne.

Zargin da ake yi cewa basir ne ke kawo raunin gaba bai buƙaci dogon bayani ba. Basir yana sa ƙaiƙayi, kumburi da zubar jini a dubura, amma ba shi ne ke hana gaba miƙewa ba, kuma yawan shan jiƙon da ke wanke ciki saboda shi yakan ƙara wa wajen gajiya ne kawai.

Kuskuren da ya fi cutarwa, a ganina, shi ne yadda maza ke fahimtar maganar fargaba. Idan likita ya tambayi mutum yadda barcinsa yake, ko yana cikin damuwar bashi ko ta gida, sai ya ji kamar ana ce masa ciwon nasa ƙirƙira ne, ya tashi a fusace ya nemi wani asibitin. Alhali ciwon gaskiya ne, kuma hanyar da damuwa ke bi ta shiga cikinsa sananniya ce. A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsoka da ke riƙe da mafitsara da dubura, ita ce mutum ke matsewa idan yana riƙe fitsari. Mai fargaba yakan matse ta ba tare da ya sani ba, kuma duk wanda ya dunƙule hannunsa tun safe har yamma ya san irin tsamin da zai biyo baya. Tsokar da ta daɗe a matse tana ciwo, tana takura jijiyoyin da ke ratsa ta, jijiyoyin kuma da suka daɗe suna kai saƙon zafi sukan koma suna kai shi ko da abin da ya tayar da su ƙanƙane ne. Ciwon na ƙara tsoron ko cutar daji ce, ko haihuwa ta ƙare, tsoron kuma na ƙara matsewar.

Raunin gaba yana shigowa ta wannan ƙofa. Miƙewa na faruwa ne idan hanyoyin jinin mazakuta suka saki suka cika, kuma sashen jijiyoyin da ke aiki lokacin natsuwa ne ke ba da wannan umarni. Sinadarin adirenalin da jiki ke fitarwa lokacin tsoro yana yin akasin haka, yana tsuke hanyoyin. Saboda haka mutumin da ya kusanci iyalinsa yana jiran zafin da zai biyo bayan fitar maniyyi, ko yana sa ido a kan kansa don ganin ko yau ma zai kasa, ya riga ya shirya wa jikinsa kasawar. Alama ɗaya mai amfani ita ce, idan har gaba na miƙewa da asuba ko cikin barci, to mai yiwuwa hanyoyin jini da jijiyoyi lafiyarsu ƙalau. Magance fargabar, ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam ko da magani idan ta yi tsanani, sashe ne na magance ciwon. Sai dai a faɗa wa likita matsalar gaba tun farko, domin wasu magungunan damuwa suna jinkirta fitar maniyyi ko rage sha'awa.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya gefen, su jingina komai ga tunani. Raunin gaba, musamman ga wanda ya haura shekara 40, na iya zama alamar farko ta ciwon suga, hawan jini ko toshewar hanyoyin jinin zuciya, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Awon jini da na suga ba su da tsada, kuma ana yin su a ƙananan asibitocin unguwa.

Sai maganin ƙarfin maza, wanda ake tallarsa a kasuwar Kejetia, a cikin motocin haya da gidajen rediyo. Matsalar ba ta tsaya ga cewa yawancinsa ba ya aiki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta sha gargaɗi a kan kayan da ake sayarwa da sunan na gargajiya alhali an cakuɗa su da maganin asibiti irin su sildenafil, ba tare da an rubuta adadinsa ba. Shi sildenafil, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 1998, magani ne mai aiki idan likita ya rubuta, kuma yana iya taimaka wa mai fargaba ya dawo da amincewa da kansa. Amma haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji masu sinadarin naitiret na iya faɗar da bugun jini har ya kai ga mutuwa. Mai sikila kuma yana cikin haɗarin miƙewar da ba ta sauka, wadda idan ta wuce awa 4 sai an garzaya asibiti. Tiramadol da wasu matasa ke sha don jinkirta fitar maniyyi yana kama mutum, kuma da tafiya ta yi nisa yakan rage sha'awar da aka sha shi dominta.

Masu neman magani a intanet sukan ci karo da motsa jikin da ake kira Kegel, na matse tsokar ƙasan ƙugu ana saki. Yana da amfani ga wanda tsokarsa ta yi rauni, amma ga wanda tasa ta riga ta ɗaure, yana iya ƙara ciwon. Abin da irin wannan mutum ke buƙata shi ne koyon sakinta: numfashi mai zurfi wanda ke ɗaga ciki, zama cikin ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, miƙa cinyoyi da ƙugu, da taimakon likitan gashin ƙashi da motsa jiki. Tela, direban tirotiro, wato motar haya, da mai tuƙa faragiya, wato keke mai ƙafa uku, waɗanda ke wuni a zaune, su riƙa tashi suna ɗan takawa, su kuma guji taurin bayan gida da yunƙurin da yake jawowa. Wasu sukan lura cewa barkono, kofi ko shayi mai kauri na tayar musu da ciwon, kuma barin abu ɗaya na mako biyu ya isa ya nuna ko shi ne.

Shiru a cikin gida yana da nasa kason. Idan maigida ya janye jikinsa ba tare da bayani ba, uwargida takan fassara shi da cewa wata ce a waje ko an daina sha'awarta, shi kuma yakan fara zargin an ɗaure shi. Addu'a da neman tsari ba su hana zuwa asibiti, kuma jimla guda, cewa yana fama da ciwo kuma yana ganin likita, tana sauke musu nauyi mai yawa. Wannan ciwon ba ya yaɗuwa zuwa ga mace matuƙar gwaji ya nuna babu ƙwayar cuta.

Sauƙin yakan zo ne a hankali, cikin watanni, kuma yawanci ta haɗa abubuwa da dama, ciki har da magani irin su tamsulosin ga mai wahalar fitsari. Don haka ya fi kyau a tsaya ga likita ɗaya, a nemi takardar turawa zuwa sashen mafitsara na asibitin koyarwa na Komfo Anokye idan an buƙata, a je da katin inshorar lafiya da duk kwalayen magungunan da aka sha, har da na gargajiya. Abin da ba ya jiran ranar ganin likita shi ne zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon, kasa yin fitsari gaba ɗaya, jini a fitsari, da zafin maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya, wanda zai iya zama murɗewar jijiyarsa ce kuma ana so a yi aikinta cikin awa 6.