Kada ku yi wa daɓen siminti fenti da tsakar rana

Jama'a, in za ku yi wa daɓen tsakar gida ko katanga fenti, ku fara bayan sallar asuba, ku ajiye burushi kafin ƙarfe goma. Ko ku bari sai bayan la'asar.

Dalili kuwa, siminti yana shan zafi ya riƙe. A watan Afrilu daɓen da rana ta gasa har ƙafa yake ƙonawa. Kuna shafa fenti, samansa zai bushe nan take, bai samu ya shiga jikin simintin ya kama ba. Bayan 'yan makonni sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ni sai da na yi asarar bokiti biyu kafin na gane.

Ku ɗora bayan hannunku a ƙasan. In zafi ya sa kun ɗauke da sauri, fenti ma ba zai zauna ba.

Shafin farko a sirka shi da ruwa kaɗan, in fentin na ruwa ne. Na biyu sai washegari. Kuma ku guji baƙin fenti, zafi yake tarawa, yara su kasa takawa.

Amma dabarar ba ta ceton sabon daɓe. Ku ba shi kwana 28 tukuna. In kuna shakka, ku manna leda a ƙasan da salatif, ku duba washegari. In ta yi gumi, akwai danshi, ku dakata.

Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Ranar da hazo ya sauko, ku haƙura da aikin.