Matakan Shirin Shiga Babbar Gasar Poker Daga Kaduna

Da farko ka sani poker cacar kati ce, kuma hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne. In ka ce sai ka je, to ga shiri.

Babbar gasar World Series of Poker a Las Vegas ta Amurka ake yin ta, tun 1970. Kuɗin shiga dala 10,000 ne, kuma sai ka cika shekara 21. Kada ka taɓa jarin shago ko kuɗin cefane.

Nemi biza da wuri. Hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, can ofishin jakadancin Amurka yake.

Sai atisaye. Wasan waya daban, zaman tebur daban. Saba da furta abin da za ka yi kafin ka tura tsabar wasa, wato ƙananan faifan da ke madadin kuɗi a tebur, don magana in ta fita ba ta komawa. In ka jefa tsaba ɗaya babba shiru, daidai abin da abokin wasa ya zuba ka bi, ba ƙari ka yi ba. Sabbin shiga da yawa nan suke tuntuɓe. Danne katunanka da tsaba kada mai rabo ya kwashe.

Isa kwana uku kafin gasar, tazarar agogo tsakaninmu da Las Vegas awa 8 ce. Riƙi rigar sanyi, zauren kamar hunturun Jos yake.