Darasi na 9: Kyautar yarinyar da ba a iya mata

Kusan kowane gida akwai irin yarinyar nan. Ki ɗinko mata riga, ta ce kalar ba ta yi mata ba. Ki kawo 'yar tsana, ta jefa bayan ƙofa. Sai a ce, "Ai wance ba a iya mata." Yau za mu karanta yadda ake zaɓa wa irinta kyauta, sannan mu yi lissafi da rubutu.

Karatu

Ƙanena yana da 'ya mai shekara 9. Ana saura mako uku ƙaramar Sallah na shiga Kantin Kwari a Kano, na zaɓo mata atamfa mai kyau, na kai wa tela. Ranar idi ta saka, ko azahar ba a yi ba ta tuɓe, ta koma tsohuwar doguwar rigarta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da yamma uwarta ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wallahi ba raini ba ne. Leshin da tela ya sa a wuyan ne yake sukarta, kunya ce ta hana ta gaya miki."

Laifin nawa ne. Na sayo abin da idona yake so, ban taɓa zama na ga abin da ita take yi da hannunta ba. Daga nan na sa mata ido. Ashe duk ranar da ta dawo daga Islamiyya, kafin ta cire hijabi sai ta leƙa maƙwabta ta watsa wa kajinsu tsaba. Ta san wadda take ƙwai, ta san wadda shirwa ta ɗauke wa ɗa.

Da babbar Sallah sai na sayo mata budurwar kaza, na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa don a san tata ce. Ba ta ce komai ba sai "Na gode, Gwaggo," amma daren nan sau uku tana fita duba akurki.

Wannan ba sabon abu ba ne. Iyayenmu sun saba ba yarinya kaza ko 'yar akuya ta yi kiwo. Kaza tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Akuya tana ɗaukar ciki kamar wata 5. Kafin yarinya ta girma ta tara abin kanta. Sai dai ki fara tambayar iyayenta, don a gidan haya ba kowa ne yake yarda da kiwo ba. Da hunturu ciwon kaji yana yawa, a nemi ma'aikacin dabbobi ya yi musu rigakafi. Kuma don Allah, in baƙo ya zo kada a kama kazar yarinya a yanka ba da saninta ba. Wanda ya yi mata haka ya ƙwace kyautar da aka ba ta.

Ba kowace yarinya ce mai son kiwo ba. Wadda take zane a ƙasa ko a jikin bango da gawayi, ki saya mata littafin zane da fensir mai launi. Wadda kullum tana gindin murhu tana tuwon ƙasa, 'yan tukwane da 'yar muciya za su yi mata. Mai ƙirga kuɗin barka da Sallah tana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, asusu take buƙata, ki jefa mata kuɗin farko da hannunki.

Mai son kwalliya tana da sauƙi, amma a nan ake yin ɓarna. Jan lalle na gida galibi ba ya cutarwa. Baƙin da ake haɗawa da maganin rinin gashi yana iya ƙona fatar yaro har ta tashi. Wani ɗankunne mai araha yana sa kunne ƙaiƙayi da ruwa. In haka ta faru a cire shi. Idan akwai ƙaramin yaro mai rarrafe a gidan, a yi hattara da tsakiya da ƙananan duwatsu, don komai baki yake kaiwa.

Idan takalmi ne, kada ki yi cinta. Ki sa ta taka farar takarda, ki zagaye ƙafar da biro, ki yanke, ki tafi da ita kasuwa. Ki zura takardar cikin takalmin. In ta lanƙwashe ya yi kaɗan. Ki bar wurin da ɗan yatsa zai shiga a baya, ƙafar yara ba ta jira. In kuma tufafi ne, ki tafi da ita ta nuna da kanta, ko ki ɗauko kala biyu ta zaɓi ɗaya.

Lissafi

Turmin atamfa yadi 6 ne, wato falle 3. Idan tela ya ce yadi 2 zai ishi yarinya ɗaya, yara nawa za a ɗinka wa da turmi guda?

A ce kin fita da naira 5,000. Kin sayi littafin zane na naira 800, fensir mai launi na naira 1,200, da asusu na naira 500. Nawa kika kashe? Nawa ya rage? Kada ki manta da kuɗin mota.

Kaza ta fara kwanci ranar 4 ga wata. Ran nawa ga wata za a sa ran 'yan tsaki?

Rubutu

Ki kula da lanƙwasar haruffan nan, don kafa daban, ƙafa daban. Ki rubuta kowace kalma sau biyar: ƙafa, ƙyalle, ɗankunne, ɗinki, ɓarna, 'yar tsana.

Aikin gida

Ki zaɓi yarinya ɗaya a gidanku ko a maƙwabta. Ki lura da ita kwana uku ba tare da kin tambaye ta komai ba. Ki rubuta jimla biyu a kan abin da ta fi yi idan babu mai aikenta, ki zo da littafinki ranar darasi na gaba.