Yadda zaka zaɓi magini ba tare da ka yi kukan kuɗinka ba

Toh duk wanda ya taɓa ɗora bulo kan bulo a garin nan ya san tsadar siminti da rodi da sauƙi in aka haɗa da sharrin mugun magini. Ni sai da na rushe bangon falo guda bayan an kai linta kafin na yi hankali, kuma wanda ya min aikin ɗan uwa ne ta wajen mahaifiya, ko ƙorafi ban iya yi ba, haka na haɗiye na sake sayen bulo.

Da farko ka nemo sunaye kamar uku, kar ka tsaya kan mutum ɗaya don an ce maka yaron kirki ne yana sallah a sahun gaba, kirki daban iya aiki daban. Waɗanda ya kamata ka tambaya su ne kafinta mai rufi da mai sa tayil, don su ne ke zuwa bayan magini ya tashi, su suke shan wahalar bangon da ya karkace, in ka ja su gefe zasu faɗa maka wanda aikinsa ke tafiya daidai. Mai sayar da bulo kuwa ka ji tasa amma da kunne ɗaya, wani yana da kasonsa a ciki.

Sai ka ce ya nuna maka aikinsa, kuma ba sabon gidan da fenti ke ƙyalli ba, fenti da filasta suna rufa wa magini asiri sosai. Ka ce kana son gidan da ya ga damina biyu ko uku. In da hali ka koma kai kaɗai ba tare da shi ba. Ka duba kusurwar tagogi da saman ƙofofi ko akwai tsagewa, ka duba gindin bango ko danshi na hawa yana tumɓuke fenti, ka buɗe ƙofa ka rufe kaga ko tana cijewa. Sannan ka kalli layin tayil na ƙarshe da ya haɗu da bango, in kaga ya fara da faɗi ya ƙare a tsuke toh ɗakin ba a kan sikwaya yake ba, wato kusurwoyinsa basu daidaita ba, tun daga fandisho aka kuskure. Mai gidan kuma tambaya biyu ta ishe ka, Alhaji nawa ya ce maka da farko kuma nawa aka ƙare, sannan in zaka sake gini shi zaka kira? In ya yi ɗan shiru ya ce "toh, ba laifi dai", ai ka samu amsa.

Daga nan ka je ka same shi wurin da yake aiki yanzu ba tare da sanarwa ba, da hantsi. Ka tsaya gefe kamar mai wucewa. Yana ja da igiya yana sa filam, wato ma'aunin miƙewar bango, ko da ido yake aunawa? Leburori na auna yashi da kwano ko shebur kawai suke watsawa? An yi wa ginin jiya ban ruwa? Ka tambaye shi Malam yaya kake kwaɓin kankare, wanda aka saba na ginin gida shi ne buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Ka tambaye shi kwana nawa dakin, wato rufin kankare, ke yi kafin a cire katakon da ke riƙe da shi, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, shi yasa masu hankali basa taɓa tokaran ƙasa sai an yi kamar sati uku. Wanda ya ce maka sati ɗaya ya isa wallahi ka yi masa sallama.

In bene zaka yi kuwa maganar ta wuce magini komai daɗewarsa a sana'a, sai da zane da injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da zai faɗi girman rodi da yawansa, kuma a Kano sai ka karɓi izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, kar kana tsaka da aiki a zo a shafa maka jan fenti.

Sai kuɗi. Kowanne a cikin ukun ya rubuto maka lissafi, bulo nawa, inci 9 ko inci 6, siminti buhu nawa, tifar yashi nawa, kuɗin aiki daban. Kai ma zaka iya gwadawa, murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kamar 10. Wanda kuɗinsa ya faɗo ƙasa sosai da na sauran ka ji tsoronsa, araha bata ado, ko dai zai rage siminti ko kuma a tsakiyar aiki ya fara "Alhaji kaya sun tashi". Ni a ganina ka sayi kayanka da kanka ka ba shi jingar aiki kawai, biyan yini yana sa bangon kwana biyu ya koma na biyar.

Jingar ma a yanka ta, fandisho zuwa jaman fulo, wato daɓen kankaren ƙasa, daga nan zuwa linta, linta zuwa rufi, sai filasta. Ana gama mataki ka duba sannan ka biya. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, don ranar da kuɗinka ya wuce aiki gaba ranar wayarsa zata fara shiga a kashe, yana can ya kama wani aikin a wata unguwa. A rubuta komai a takarda da shaidu biyu ko da ƙaninka ne, harda wanda zai ɗauki asarar in aka rushe kuskure, kuma ka riƙe wani abu a hannunka sai an yi ruwan farko kaga inda ke yoyo.

In har yanzu zuciyarka na rawa ka fara ba shi katangar fili ko sokawe. Wanda ya ƙarasa min gidana haka na gwada shi, ina zuwa da yamma na tarar ya sauke layi biyu da yaronsa ya jera ya sa an sake, ba tare da kowa ya ce masa komai ba.