Kafin ka taya kaya a gwanjon intanet, ga abin da za ka duba

Jama'a wannan harkar gwanjo ta intanet ba duka ce damfara ba, akwai mutane da yawa a Kano da Kaduna da Legas da abincinsu ke nan, wasu na sayen mota a kamfanonin gwanjon mota na Copart ko IAA can Amurka, wasu kuma su kwaso waya da laftof a shafin saye da sayarwa na eBay su kawo kasuwar waya ta Farm Center a Kano su sayar su samu na cefane. Amma fa kuɗin bayin Allah na salwanta sosai a ciki, kuma in ka bi diddigi kusan hanya ɗaya ake bi a cuce su, a janye ka daga shafin gwanjon a kai ka WhatsApp sannan a sa maka gaggawa. Duk wata kariya da kake da ita tana cikin shafin ne, ranar da ka yarda kuka koma gefe to kai da Allahnka kawai.

Bari in fara da wanda ya fi cin mutanenmu, gwanjon kwastam na ƙarya. Za ka ga shafi a Facebook da hoton wani mutum sanye da kaki har da anini a kafaɗa, a ƙasa an jera Camry da Sienna da Hilux fes-fes, wani lokacin har da buhunan shinkafa da jarkokin man gyaɗa, an sa farashin da ko babur ba zai saya maka ba. Kana yin magana sai a ce ka sayi fom tukuna, ka biya, a turo maka takarda mai tambari da hatimi da sunanka a jiki wai an ware maka mota, sai kuma kuɗin fito da ita, sai kuɗin direba da na mai, jibi a kira ka a ce an tare motar a hanya ka ƙaro wani abu. Dabarar ke nan, ba sa tambayar kuɗin gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan suke ja har ka kai inda kake jin asarar janyewa. Kuma duk kuɗin nan asusun wani mutum yake shiga, in ka lura da sunan da banki ya nuna maka kafin ka danna tura za ka ga ko sunan jami'in da ke hoton ba shi ba ne.

Hukumar kwastam tana da gwanjo na gaskiya ta intanet, ta fara shi a 2017 ta kuma sabunta shafin a farkon 2024, adireshinsa da .gov.ng yake ƙarewa, kai da kanka za ka yi rajista da lambar biyan harajinka ta TIN ka taya da hannunka, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Hukumar ta sha fitowa ta ce ba ta sayar da kaya a Facebook ko WhatsApp. Don haka duk wanda ya ce shi babba ne a ciki zai ware maka mota ta bayan fage, wallahi rufe wayarka. Kar ma ka bi link ɗin da aka turo maka, shiga customs.gov.ng da kanka ka nemo hanyar daga can.

To sai motocin Amurka, nan ne zan ɗan daɗe domin kuɗin da ake sawa da yawa. Copart da IAA kamfanoni ne na gaskiya, amma ka san me suke sayarwa, yawanci motocin da kamfanonin inshora suka biya masu su ne bayan haɗari ko ambaliya ko sata, kuma yadda ka gan ta haka ka saye ta, babu mayarwa. Da yawanmu ta hannun ejan muke saye, a nan matsalar take. Kafin ka ba ejan ko sisi ka ce ya ba ka lambar lot, wato lambar da kamfanin gwanjon ya ba motar, da lambar VIN, wato lambar shaidar motar da ke jikinta. VIN ɗin nan haruffa da lambobi 17 ne ga duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki, in ka ga ɗaya daga cikinsu to ko an yi kuskure ko an ƙirƙiro ta. Ka shiga shafin Copart ɗin da kanka ka ga motar tana nan da ranar da za a yi gwanjonta, in da hali ka zauna ka kalli gwanjon da idonka ka ga nawa ta faɗi, domin wani ejan ɗin ba gudu zai yi da kuɗinka ba, motar ta faɗi a dala 3,000 ne ya ce maka 4,500. Bayan an ci ka nemi rasit ɗin kamfanin mai ɗauke da VIN ɗin, in an loda ta a jirgi ka nemi takardar lodi wadda 'yan kiliyarin ke ce wa BL, ka ɗauki lambar ka duba a shafin kamfanin jirgin, Grimaldi ne ko MSC ko Maersk. Ejan mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin, wanda ya fara cewa "haba Alhaji ba ka yarda da ni ba ne" maimakon ya turo takarda, ka ja baya.

Akwai wani abu da ba ya cin ko kwabo kuma mutane ba sa yi, ka kwafi VIN ɗin ka sa a Google. Sau da yawa tsofaffin hotunan motar za su fito daga gwanjon da aka yi a baya, sai ka ga motar da yanzu take ƙyalli an taɓa sayar da ita gabanta a murƙushe balan-balan ɗin sitiyari duk sun fashe, wani ya saya ya yi mata kwaskwarima ta sama-sama ya dawo da ita. Sannan ka sayi rahoton Carfax ko AutoCheck ka ga tarihinta da adadin tafiyar da ta yi, kuɗin ba su kai komai ba a kan abin da za ka kashe.

Ka karanta abin da aka rubuta a kan takardar motar. In ka ga Salvage to inshora ta riga ta sallama ta, ba laifi ba ne saye in ka san girman gyaran. In ka ga Run and Drive kar ka ɗauka lafiyarta ƙalau, abin da ake nufi shi ne lokacin da aka kawo ta filin ta tashi ta shiga giya ta ɗan motsa gaba, shi ke nan. Ni dai wadda nake roƙon kowa ya guda ita ce motar ambaliya. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da Ian a Florida a 2022 motocin da ruwa ya shanye sun cika filayen gwanjo, jikinsu lafiya lau babu ko ƙwarzane, amma ruwa ya shiga wayoyi da kwamfutar motar, yau gilas ya ƙi sauka gobe giya ta rikice, bakanike ya yi ta cin kuɗinka. Ka zuƙo hotunan ka duba tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, da busasshen taɓo a ramin safaya taya, da raɓa a cikin fitilu.

Kuma farashin da mota ta faɗi ba shi ne kuɗinta ba, akwai la'adar kamfanin gwanjo da kuɗin fita geti da na janwe zuwa tashar jirgi da na jirgin da na kwastam a tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas da gyara, in ka yi jinkirin ɗauka ga kuɗin ajiya na hawa kullum. Ka lissafa duka a takarda tun kafin a fara, ka yanke iyakar da ba za ka wuce ba.

A eBay kuwa, wanda yake nan tun 1995, mai kayan za ka fara dubawa kafin kayan. Kar ka tsaya a yawan yabon da aka yi masa, buɗe ka gani, yabon na sayarwa ne ko na saye, kuma irin wannan kayan yake sayarwa? Akawun ɗin da ya shekara yana sayar da kwanuka da tsofaffin littattafai kwatsam ya jero iPhone da araha, da alama sace shi aka yi. Ka karanta bayanin kayan har ƙarshe ko da Turancin na ba ka wahala, a samu wani ya karanta maka, domin wani kwali kawai yake sayarwa kuma ya rubuta a can ƙasa, wani ya sa For parts or not working wato ta lalace. In waya ce ka tambayi lambar shaidarta ta IMEI ka duba ko an toshe ta, in iPhone ce ka tambaya ko an cire akawun ɗin iCloud na mai ita na farko kuma ko tana ɗaukar kowane layi, wayar da ke kulle da iCloud ɗin wani ba ta da amfani sai dai a ciri sikirin.

Wajen tayi akwai masu sa abokansu su riƙa ƙara farashi don su zuga ka, maganinsu ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya ka bar shafin ya riƙa taya maka, in an wuce ka to ba rabonka ba ne. In ka faɗi sai ga imel wai wanda ya ci ya fasa za a ba ka, kar ka amsa daga imel ɗin, shiga akawun ɗinka ka duba saƙonni, in na gaskiya ne yana can.

Biya kuma a cikin shafin kawai. Duk wanda ya ce ka tura ta Western Union ko kuɗin kirifto na USDT ko ka sayi gift card ka turo lambar, ko ka biya ta PayPal a matsayin kyauta ga ɗan uwa don a rage maka, so yake ya raba ka da damar dawo da kuɗinka. eBay na da tsarin mayar da kuɗi in kaya bai zo ba ko ya saɓa da bayani, kwana 30 ake bayarwa a kai ƙorafi, amma bai shafi motoci ba, kuma ga inda yake kama mu 'yan Najeriya, in kayan sun isa adireshin mai shipin ɗinka, wato wanda ke karɓar maka kaya a Amurka ko Ingila, ya sake turo su gida to kariyar ta tsaya a can. Shi ya sa za ka roƙi mai shipin ya buɗe kwalin ya kunna wayar ya ɗauko maka bidiyo tun tana hannunsa. OTP da PIN da BVN kuwa babu shafin gwanjon da zai kira ka ya tambaya.

In Allah ya ƙaddara an riga an cuce ka, ɗan uwa kar kunya ta sa ka yi shiru, a take ka kira bankinka ko ka je reshe ka ce a bi kuɗin a nemi toshe asusun da suka shiga, domin mutanen nan ba sa barin kuɗi ya kwana. Ka ɗauki sikirinshot na hirar da rasit da lambar asusun da lambar wayar kafin su goge, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, ka kuma kai rahoton shafin a Facebook ko eBay don a rufe shi. Sannan ka shirya, bayan kwana biyu wani zai iya ɓullowa ya ce shi lauya ne ko jami'i zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu, sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da wata lambar, kar ka tura masa komai.